Bangon da Ummaru Ya Yaɓe

Ana shirin kiran magariba tsakuwar farko ta faɗo tsakar gidan Rahmatu a Ƙofar Sauri. Ta ɗaga kai, babu kowa. Ta biyu ta faɗa kusa da murhu, jiƙe sharkaf, ga shi rabon garin da ruwa kwana tara.

Rahmatu na cikin takaba. Ruwan watan Agusta ne ya cika gidan har gwiwa, katangar zaure ta danne mijinta Ummaru yana ƙoƙarin buɗe wa ruwan hanya. Da aka share makoki sai dangi suka kira Malam Sammani, maginin da ya ƙware a gyaran gidajen da ruwa ya ci. Mutum ne da ya fi jin maganar bango a kan ta mutane. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya ce duk wanda ya sha ruwa sai an sauke shi.

Rahmatu ta yarda da duka, ban da bangon ɗakinta. Ummaru ne ya yaɓe shi da hannunsa shekarar aurensu, shatin yatsunsa na nan raɗau. Abin da ya rage mata ke nan. Ta roƙa har da hawaye, Sammani ya tausaya, ya zuba wa gindin bangon siminti, ya toshe wata tsohuwar wuriya da ruwa ke bi ya fita.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu ɗiyarta Ummusalma ta yanke jiki ta faɗi gindin bangon, tana kankarar simintin har farcenta ya yi jini. Ta daina ci, ta daina sha.

Aka ɗauko Malam Sagir daga Batagarawa. Tun la'asar yake karatu, sai da rana ta yi ja bakin yarinyar ya buɗe, da muryar wata tsohuwa.

"Malam, bar ƙona ni. Ban zo da sharri ba."

"Mi kike nema wurin ɗiyar mutane?"

"Mijina. A wuriyar nan muke tun kafin a haifi mai gidan. Ruwan da ya kashe mijin matar nan shi ya kashe nawa. Gawarsa na cikin bangon, kun rufe. Ku sauke shi in ɗauki abina in tafi."

Malam Sagir ya sa ta rantse, ta rantse. Sannan ya dubi Rahmatu.

Rahmatu ta dubi ɗiyarta, leɓɓa duk sun tsage. Ta tashi, ta sa yatsunta cikin shatin na Ummaru, ta daɗe a haka. Zuciyarta ta yi ciwo fiye da ranar jana'iza.

Ta sa aka kirawo maginin. "Malam Sammani, sauke shi," ta ce.

Bugu huɗu bangon ya zube, don dama cikinsa duk ya ruɓe. Wata iska mai sanyi ta fito, ta zaga tsakar gida.

"Baiwar Allah," in ji muryar, a hankali, "ban yi miki gaisuwa ba. Ya haƙuri?"

Rahmatu ta share ido. "Da godiya. Ke ma ya haƙuri?"

Ba a amsa ba. Ummusalma ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Inna, ruwa."