Fito na Huɗu

Magariba ta kawo jiki lokacin da Mai Kunne ya faka tsohuwar motarsa ta dizal a ƙofar gida. Ya bar injin ya huce kamar kullum, sannan ya kashe. Inji ya yi shiru, amma fiton da turbo, na'urar da ke hura wa injin iska, ya kwana uku yana yi bai tsaya ba. Daga cikin gida yake fitowa.

Makanike ne, kuma sunan nan ba zolaya ba ce. Zai ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗa maka ciwon motarka ba a kwance noti ko ɗaya ba. Fiton turbo, in ji shi, uku ne: na tiyo da ya tsage, na gasket, shimfiɗar da ke toshe mahaɗa, in ya ƙone, da na farfela in ta fara cin gidanta. Da wannan kunnen yake ci da iyalinsa. Amma turbon da ya ciro daga wata mota da ta shekara goma a yashe, ya ɗaura wa tasa, ya gagare shi. Ya sauya tiyo, ya duba gasket, ya girgiza farfela, duk lafiya lau.

A tsakar gida ya tarar da Auta, 'yarsa mai shekara tara, a tsaye ƙiƙam. Bakinta a rufe, fiton na fita daga ƙirjinta.

"Tun da ka shigo layi ta fara," in ji matarsa.

Kwana shida Auta ba ta ce uffan ba. Rana na faɗuwa sai notuna masu tsatsa su dinga zubowa kan kwanon rufi, babu mai jifa. Yarinyar da surutunta ke hana shi jin rediyo ta koma ƙashi da fata, har tsoron kallonta yake yi.

A rana ta bakwai aka kawo wani dattijon malami. Ya zauna ya daɗe yana karatu, har fiton ya yanke. Sai wata murya ta tsohuwar mace ta fito daga bakin Auta.

"Turbon nan gidana ne, ya kwance ya ɗaura a motarsa. Jaririna na ciki."

"Bai sani ba," in ji Malam.

"Bai sani ba? Kwana uku ɗana yana kuka, wannan mai kunnen yana ji. Ya ce tiyo ne. Ya ƙara taka totur don ya ji da kyau."

Mai Kunne ya tuna. Haka aka yi.

"Ki ji tsoron Allah ki fita. Yarinya ba ta yi miki komai ba."

"Nawa ya mutu. Zan tafi da tasa."

Malam ya ci gaba da karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Muryar ta yi ƙara, ta yi kuka, daga bisani ta sassauta.

"To, ya ba ni abin da ya ji kukan da shi."

Malam ya buɗe baki zai hana, amma Mai Kunne ya riga shi. "Na ba ki," ya ce.

Auta ta yi atishawa sau uku ta zube. Da ta farfaɗo ta dube shi, leɓɓanta suka motsa. Ya gane "Baba" ta ce, amma fito kawai ya ji.

Ya mayar da turbon inda ya ciro shi, ya koma gareji, don zama ba zai ciyar da kowa ba. Wani tsohon abokin ciniki ya kawo mota, ya tayar, ya tsaya yana murmushi yana jira. Mai Kunne ya kara sukundireba a kunne ya lumshe ido. Ya daɗe a haka, yana sauraron kukan jariri, kafin mutumin ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa makulli a hannu. Ashe tuni mutumin ya kashe injin.