Ƙullin da Ya Rage

A can wani zamani, an yi wani masunci da ya haɗa kwalekwale biyu da gora, ya kafa sanda, ya ɗaura zane don iska ta tura su. Kullum kafin tashi, sai ya bi igiyoyi yana jan kowane ƙulli.

Ran nan shi da iyalinsa za su biki tsallaken tafki, ga iska mai daɗi. Matarsa ta ce, "Haba maigida, kowa ya wuce! Ƙulli ɗaya ya rage, ƙyale shi."

Ya dubi 'ya'yansa a cikin jirgi, ya ja ƙullin. Igiya ta tsinke a hannunsa.

Ya ɗaura sabuwa, suka haye lafiya, yara suna ta waƙa. Da za su komo, matar ce ta riga shi jan ƙulli.