Riƙon Naziha

"Maimaita, Zulfa, ban ji ba."

Najmuddeen na tsaye a zauren gidan da take haya a Yolde Pate, ko zama bai yi ba. Saura kwanaki kaɗan a ɗaura musu aure.

"Na ce a fasa. Jiya Hamma Abdurra'uf ya kai ni gaban alƙali."

Abdurra'uf wan mijinta ne, Rilwanu, wanda aka kashe shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Da ƙafa Zulfa ta ratso daji a lokacin, jaririyarta Naziha a goye, har Allah Ya kawo su Yola.

"Me alƙalin ya ce?"

"Ya ce riƙon yarinya na uwa ne muddin ba ta sake aure ba. Ranar da na tare a gidanka, riƙo ya koma hannun mahaifiyata. In babu ita, sai 'yar'uwata mace. Inna ta rasu, kuma ni kaɗai ta haifa... Saura Dada, uwar Rilwanu."

"Dadar da ko takalmin Sallah ba ta taɓa aiko mata ba?"

"Ita."

"Lokacin da kike suyar ƙosai a bakin titi kina biyan makaranta, ina suke? Suna Limawa, suna nan cikin garin nan! Yau yarinya ta yi girman wanke-wanke, sun tuna jininsu ce?"

"Duk na faɗa, Najmu. Na faɗa har muryata ta dishe. Alƙali ya ce ya ji, amma hukuncin ke nan."

Ya sassauta murya. "Saurare ni, abar ƙaunata. A ɗaura ba tare da an sanar da su ba. In nemi canjin makarantar da nake koyarwa, mu koma Jalingo. Wa zai bi mu?"

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi.

"In sake ɗaukar ta in gudu? Wancan karon masu bindiga ne suka kore mu. Wannan karon in ce mata me? Uwarki ta ga miji?"

"Ashe ni miji ne kawai da aka gani."

"Kada ka juya min magana."

"To ni fa, Zulfa? Ni ina za ki kai ni?"

"Kai babba ne, za ka ji ciwo ka warke. Ita ko barci ba ta yi sai ta riƙe bakin zanina."

Ya kawar da kai. Sannan ya fita, ya tada babur ɗinsa da ƙarfi, babu sallama.

Bai jima da tafiya ba Naziha ta shigo daga makaranta, jaka a baya.

"Mama, na ga Baffa Najmu a hanya, bai ko ɗaga min hannu ba. Tela ya gama ɗinkin bikina?"

Zulfa ta juya mata baya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Cire kayan makaranta ki zo ki ci abinci."