Falke da Rijiyar Bayan Kuka

A can wani zamani an yi wani falke mai fataucin gishiri, wanda bai yarda da kowa ba. Ran nan da tsakar rana ruwan gorarsa ya ƙare, ƙishirwa ta kama shi, shi da jakinsa.

Ya gamu da wata tsohuwa ɗauke da tulu. Ya ce, "Iya, ina ake samun ruwa?"

Ta ce, "Nan kusa, ɗana, bayan kukar can."

Falke ya dubi kuka, ya dubi gishirinsa. Ya ce a ransa, "Ɓarayi ta ɓoye a can. Ba da ni ba." Ya ja jakinsa ya yi gaba.

Ya tarar da wani manomi, ya tambaye shi. Manomi ya ce, "Nan kusa, malam, bayan kukar can."

Falke ya ce a ransa, "Bakinsu ɗaya. Ba da ni ba."

Sai jaki ya turje, yana ja wajen kuka. Falke ya harare shi ya ce, "Har da kai aka haɗa baki?" Jaki ya fizge igiya, ya ruga bayan kuka da kayan duka.

Falke ya laɓe, ya ɗauki dutse ya wurga don ɓarayin su fito. Sai ya ji dutsen ya faɗa ruwa, tsulum.

Ya leƙa a hankali. Ga rijiya, ga jakinsa yana shan ruwa, ga tsohuwa riƙe da guga.

Ta ce, "Ɗana, jakinka ya iso, dutsenka ma ya iso. Kai me kake jira?"