Tabon Ƙuna a Damtsen Mairo

"Ni za ka kalla ka ce ba ka sani ba? A shagonka aka ajiye ta!"

"Baba, wallahi masallaci na tafi."

"Kada ka ƙara ce min Baba! Ɓarawo kawai!"

Insifekta Na'Allah ya ƙyale su sai da muryar dattijon ta fara dushewa, sannan ya buga tebur. Caji ofis ɗin Roni ya yi tsit.

Mai faɗan shi ne Malam Muhammadu Lawal, tsohon malamin gona. Wanda ake tuhuma Zaharadeen ne, mai shagon cajin waya a bakin tasha. A gefe Nafisat ce, 'yar Malam, idanunta sun yi jawur. Kwamfutarta ce ta ɓata a shagon.

"A rufe shi, Insifekta," in ji Malam. "Ko ɗan waye, kada a saurara masa."

"Na ji, Malam. Ke, me ke cikin kwamfutar?"

"Furojet ɗina, ranka ya daɗe. Shekarar ƙarshe nake a jami'a, ina karanta Tattalin Arziki. Mako mai zuwa zan kare shi a gaban malamai. In babu shi, babu digiri, ko da na ci duk sauran darussa."

"Ba ki da shi a wani wuri?"

Ta girgiza kai.

"A kan me kika yi shi?"

"Matan da ke matsar man gyaɗa a cikin gida, nan Roni da Gwiwa. Gida-gida na bi su. Akwai Mairo, matar Malam Halliru na Gwiwa, har tabon ƙunar mai ta nuna min a damtsenta. Na rubuta shi a ciki."

Na'Allah ya sa hularsa, ya tasa Zaharadeen gaba zuwa shago.

Wayoyi ne birjik a kan katako, wasu sun fi kwamfutar tsada. Ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya daɗe yana kallon su. Ɓarawon kasuwa ba ya tsallake nama ya ɗauki ƙashi.

"Wane masallaci ka yi la'asar?"

Zaharadeen ya sosa ƙeya.

"In tambayi liman?"

"Yallaɓai... gidan ƙwallo na leƙa. Minti kaɗan ne."

"Wa ka bar wa shagon?"

"Abdulnasir. Ai ɗan gidansu ne, taubashin Nafisat. Ɗan yayar Malam, Hajiya Kaltume. Ya ce shi ma tashi ya yi ya bar shagon a buɗe, ya roƙe ni kada in sa sunansa."

Da suka koma ofis, Na'Allah ya aika kofur ya kira Abdulnasir. Kafin ya iso, ya tambayi Nafisat wa ya san lambar buɗe kwamfutar.

"Babu kowa. Sai dai Abdulnasir, kullum yana tsaye a kaina yana tsokana, wai Farfesar Ƙuliƙuli." Ta yi murmushin dole. "Ai wasan taubasai ne."

Abdulnasir ya shigo da shadda mai sitati da gemu gyararre. Ya durƙusa ya gai da kawunsa, ya jajanta wa Nafisat, ya zauna kamar wanda aka gayyato biki.

"An ce kai ma ɗan jami'a ne," in ji Na'Allah.

"Ƙwarai, yallaɓai. Gudanar da Kasuwanci nake yi, a wata jami'ar daban."

"Ni a sakandare na tsaya. Me ake nema kafin a ba mutum digirin nan naku?"

Abdulnasir ya gyara zama. Ya lissafa kiredit biyar, dole da Lissafi da Turanci, sai jarrabawar shiga, sai shekaru huɗu, sai furojet.

"Naka ya kammala?"

"Tuni. Ni ma a kan masu man gyaɗa na yi, amma ta fuskar kasuwanci. Kowa da nasa."

"Aike ka yi, ko da kanka?"

"Haba yallaɓai! Malamanmu ba sa karɓar ji-ta-ji-ta. Da ƙafata na je, na zauna da matan, na ga tunkuza a turmi."

"Lallai ka sha aiki. Suna shan wuya kuwa?"

"Sosai. Akwai wata Mairo a Gwiwa, har tabon ƙuna ta nuna min a damtsenta."

Nafisat ta ɗago kai.

Na'Allah bai ɗaga murya ba. "Matar Malam Halliru? Kai, ƙato da gemu, ka wuce zaure, ka shiga gidan da ba shiga, matar aure ta yaye mayafi ta nuna maka damtse?"

"Wato... ba haka nake nufi ba."

"Babu komai. Kofur, kawo mota. Mu je Gwiwa ka maimaita a gaban mijinta."

Abdulnasir ya dubi ƙofa, ya dubi kawunsa, sai ya zame daga benci ya durƙusa.

"Tana cikin rumbun gero, a gidanmu. Ban goge komai ba, sunan kawai na canza." Muryarsa ta karye. "Sau biyu ina maimaita shekara. An ce in ban kawo furojet bana ba, kora ce. Hajiya kuwa ta gaya wa kowa na gama."

Aka tura kofur, ya dawo da kwamfutar, ƙaiƙayi ya manne a jakarta. Nafisat ta buɗe, ta goge sunan Abdulnasir, ta mayar da nata. Ba ta dube shi ba.

"Zaharadeen, tafi ka buɗe shagonka," in ji Na'Allah. "Ƙwallo kuma sai an tashi aiki."

Aka sa wa Abdulnasir ankwa, aka wuce da shi bayan kanta.

Malam Muhammadu Lawal ya miƙe da ƙyar. Wanda ɗazu yake girgiza ofis, yanzu sai an kasa kunne ake jin sa.

"Insifekta, yanzu me zan je in ce wa Yaya Kaltume?"