Rabin Taku a Bayana

"Mama, wace ce wannan?"

Injiniya, babban ɗana, ya dire wayarsa a kan tebur, tsakanin kofin shayina da kwalbar maganin hawan jini. Ko gaisuwa bai yi ba. Auta, ƙanwarsa, tana tsaye a bakin ƙofar kicin da cokali a hannu, ta yi tsuru-tsuru.

Na gyara tabarau na duba.

Bidiyo ne. Wata mata ce a filin wasan makarantar da ke bayan layinmu, da riga har gwiwa da dogon wando, ta ɗaure mayafi tam, tana gudu. Gudu fa, ba tafiya ba! A bayanta kaɗan wani dogon mutum mai furfura yana biye da ita. Ya faɗi wani abu, matar ta kwashe da dariya har tana dafe ƙirji.

Ni ce.

Ba kunya ce ta fara kama ni ba, mamaki ne. Rabon da in ga fuskata tana irin wannan dariyar tun mahaifinsu yana da rai.

"Shekara sittin da ɗaya, Mama! Jikoki bakwai!" "An tura wa matata, an tura wa abokan aikina. Kin ga abin da aka rubuta a ƙasa? Wai tsufa ya zo, hankali bai zo ba!"

"Innalillahi..." in ji Auta.

"Wane ne wannan tsohon da ke bin ki?"

"Koci ne," na ce. "Malamin wasanni ne da ya yi ritaya. Shi ke koya mana."

"Koyarwar ce ta haɗa da wannan dariyar?"

Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, yau ga ɗan da na goya ya ɗaure ni da jijiyoyin jikina.

Ya wuce bayan ƙofa, ya ɗauki takalman guduna, ya fita da su. Ina jin ƙarar rufe but ɗin motarsa.

Ku 'yan mata kuna ganin zuciya tana yin furfura tare da kai. To bari in ba ku labari.

Bayan rasuwar maigidana shekara huɗu na yi a kan kujera ɗaya. 'Ya'yana suka mai da ni ƙwai. Mama zauna. Mama huta. Mama bari a miƙo miki. Har ta kai in zan tashi sai na dafa gwiwa ina nishi, hawa matakala uku kuwa sai na tsaya na huta. Likita ya auna ni ya girgiza kai, ya ce in ban fara motsa jiki ba magani kaɗai ba zai riƙe ni ba. Auta ce ta sayo mini takalman. Na ja aminiyata Mai Turare, wadda muka shekara talatin tare, ita ma ta sayi nata jajaye, muka fara zuwa filin da sassafe.

A can muka tarar da Koci da tsofaffinsa, su kusan goma. Kana jin su suna zagaye suna ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, sai ka ce 'yan aji ɗaya. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Mai Turare zagaye ɗaya ta yi a ranar farko ta ce ƙugunta. Tun daga nan benci ya zama nata, a ƙarƙashin bishiya, tana miƙa wa Koci ruwan sanyi duk sanda ya wuce.

Ni kuwa na dage.

"Ƙananan taku, Hajiya. Ba kare ne ya biyo ki ba."

Haka Koci ya fara ce mini. Wata biyu tafiya kawai ya bar ni ina yi. Sannan gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu. Ya hana ni zuwa kullum, wai ranar hutu ma horo ce ga mai shekaru irin namu. Ya sa ni tashi daga kujera sau goma ba tare da dafa komai ba. Kuma dokarsa ɗaya ce wadda ba ya wasa da ita.

"Wanda ba ya iya ƙarasa magana yana gudu, ya wuce ƙarfinsa. Ya rage sauri."

Shi ya sa yake gudu rabin taku a bayana, ta kafaɗar hagu, don ya ji numfashina. Kuma sai ya yi ta jefo mini tambaya. Wane launi na fi so? Me na so in zama ina yarinya? Me ya fi ba ni tsoro? A shekara biyu na zazzage wa bawan Allahn nan rayuwata kaf, zagaye bayan zagaye. Shi ma ya ba ni labarin matarsa da ta rasu, da yadda har yanzu yake dafa shayin mutum biyu bisa kuskure.

Yaushe na fara shafa turare kafin in tafi gudu? Wallahi ban sani ba.

Kwana goma sha biyu na yi ba takalma. Na koma kujerar nan. Koci bai kira ba, bai aiko ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

A kwana na biyar Mai Turare ta zo jaje.

"Aminiya, ni fa tausayinki nake ji," ta ce, tana gyara zama. "Kin ɗauki abin da zafi. Tambayoyin nan da yake miki, ai aikinsa ne. Numfashinki yake aunawa. Haka yake wa kowa."

"Kowa?"

"Kowa da kowa! Ke dai ki rufa wa kanki asiri ki zauna a gida. Mu da muka ga jiya, ina mu ina soyayya?"

Bayan ta tafi na shiga ɗaki na yi kuka. Ni, da jikoki bakwai, na yi kuka wiwi saboda namiji! Ashe duk abin da na ɗauka kulawa ce, awo ne kawai, irin na likita.

A kwana na goma sha biyu da rana Auta ta auna mini hawan jini. Ta kalli na'urar, ta kalle ni.

"Mama, ya hau."

"Bar shi ya hau."

"Mamana, ki daina faɗin haka..." Ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwata, ta ciro wayarta. "Akwai abin da nake so ki gani. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Duba ƙarshensa."

A daƙiƙar ƙarshe, mai ɗaukar ya sauke hannu kafin ya kashe. Hoton ya karkata ƙasa. Ga ƙafar benci. Ga takalmi ja, fes, ko ƙura babu, kamar yanzu aka ciro shi daga kwali.

A duk filin nan mutum ɗaya ce takalminta bai taɓa sanin ƙasa ba.

Na karɓi wayar na ƙura wa takalmin ido.

"Mai Turare?" na ce, da ƙyar. "Matar da na yi wa jinyar mijinta? Matar da ta riƙe hannuna ranar da aka fita da babanku?"

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Auta ta miƙe ta shiga ɗakinta, ta fito da leda. Takalmana ne.

"Jiya na ce wa Yaya zan ɗauki kaya a but ɗinsa," ta ce. "Ni na saya miki su, Mama. Ba shi ba."

Washegari da sassafe na ɗaure igiyoyina.

Tana kan bencinta. Da ta hango ni ta miƙe tsaye, baki sake.

"Aminiya! Ke ce?"

"Ni ce. Takalmanki sun yi kyau a bidiyon."

Ta yi wuƙi-wuƙi da ido. Ban tsaya jin ta bakinta ba, na shiga fili. Ina kallonta ta gefen ido tana latsa waya, na san wanda take kira.

Na fara da tafiya, kamar yadda aka koya mini. Sannan na ɗaga ƙafa. Ban yi rabin zagaye ba na ji takun da na sani a bayana, ta kafaɗar hagu.

Yau babu tambaya.

"Ba ka neme ni ba," na ce, ban waiga ba.

"An ce mini kin ce kada in kuskura. Wai na zubar miki da mutunci."

"Wa ya ce?"

"Aminiyarki."

Na yi ƙwafa.

"Ni kuma ta ce mini tambayoyinka awo ne. Haka kake wa kowa."



"Hajiya, saurara."

Na saurara. A gabanmu tsofaffin nan suna tafe suna ƙirgarsu. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku...

"Haka nake auna numfashin kowa," ya ce. "Ƙirga nake sa su. Shekara talatin da biyar ina wannan aikin, ban taɓa tambayar ɗalibi launin da ya fi so ba."



Kai jama'a! Shekara biyu ina jin ƙirgar nan a kunnena, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ni ba a sa ni ba.

Sai na ji ƙarar birki a bakin fili. Injiniya ne, da kayan ofis da takalmin fata mai tsini, tumbinsa yana gaba yana biye.

"Mama! Ki tsaya!"

"Ba a tsayawa farat ɗaya a shekarunmu, ɗana," in ji Koci, a natse. "Jiri zai ɗebe ta. In kana da magana, biyo mu."

Ya kuwa biyo mu. Da gudun tsiya ya taso, irin na mai fushi, har ya cim mana.

"Mama, wannan abin... abin kunya ne... mutane suna..."

"Suna me?" na ce. Muryata ko gezau.

"Suna cewa... ke... a shekarunki..."

"Ƙarasa mana, ina jin ka."

Ina! Numfashi ya ƙwace masa. Yaron da bai cika arba'in ba, ko zagaye ɗaya bai kai ba ya dafe ƙirji, fuskarsa ta jiƙe sharkaf, ya tafi luuu zai zube.

"Ɗana!"

Na manta da fushi, na manta da komai. Amma Koci ya riga ni. Ya tare shi da kafaɗa, ya sassauta masa maɓallin wuya.

"Jiri kake ji? Ƙirjin yana ciwo?"

Ya girgiza kai. "Haki... ne kawai..."

"To kada ka zube. Taka a hankali, ina riƙe da kai. Ja ta hanci. Yawwa. Kuma cikin makon nan ka je likita ya duba ka, ba shawara nake ba ka ba."

Muka sa shi a tsakiya muna tafiya, ni a dama, Koci a hagu. Can da numfashinsa ya dawo ya juyo ya kalle ni.

"Mama... ko haki ba kya yi."

"Zagaye takwas nake yi, Injiniya."

"Takwas?"

"Shekara huɗu kuna ce mini in zauna. Na san ƙauna ce. Amma da na ci gaba da zaman nan, da yanzu kun daɗe da karɓar gaisuwata. Wannan mutumin da ka kira tsoho, shi ya ce mini in tashi."

Ya sunkuyar da kai. Na ga hawaye ya gauraya da zufar.

"Na ji tsoro ne, Mama. Na ga kina dariya da wani... kamar yadda kike yi da Baba."

"Babanku ba zai so in mutu a kan kujera ba, ɗan albarka."

Muka ci gaba da tafiya. Da muka zo daidai bencin, babu kowa a kai. Ta bar robar ruwanta a wurin.

Koci ya yi gyaran murya.

"Injiniya, tunda Allah ya haɗa mu... akwai maganar da nake so... wato ni da mahaifiyarka... idan ku 'ya'yanta... idan ita ta..."

Na juya na kalle shi da mamaki.

Mutumin da ke zagaye ashirin yana ba da labari, mutumin da ban taɓa jin numfashinsa ya sauya ba, ga shi muna tafiyar hawainiya yana haki kamar wanda ya hau dutse!

Injiniya ya kalle shi, ya kalle ni, sai dariya ta ƙwace masa.

"Baba, ni dai ba ni da numfashin yin gardama. Ga ta nan, ka tambaye ta."

Baba fa ya kira shi. Da kunnena na ji.

Na rage tafiya har Koci ya zo daidai da ni, kafaɗa da kafaɗa, karo na farko a shekara biyu.

"Malam," na ce, "wanda ba ya iya ƙarasa magana ya wuce ƙarfinsa. Rage sauri. Ba kare ne ya biyo ka ba."

Ya ja numfashi ta hanci, yadda yake koya wa mutane.

"Za ki aure ni, hasken idona?"

"Tun zagaye nawa nake jiran wannan tambayar!"

Wata biyu bayan nan aka ɗaura. Yanzu shayin mutum biyu da yake dafawa ba kuskure ba ne.

Injiniya kuwa sau uku a mako yake zuwa filin, likita ya sa shi dole. Yana can baya cikin tsofaffi yana ƙirga. Jiya ƙirgarsa ta kai sha huɗu kafin haki ya kama shi.