Dokar Da Na Kafa Da Hannuna

"Ki fita da kanki, ko ni in cire ki," Malamar Kimiyya ta rubuto min.

Ina tsaye a tagar ajina, nan ne kaɗai waya ke kamawa, takardar canjin wurin aiki a hannuna. Yayana ne ya yi ta zarya har aka mayar da ni birni.

Shekara uku ni kaɗai ce malama a makarantar nan, daga ni sai allo. Kaɗaici ya sa na buɗe mana zaure a waya, mu malaman da aka jefa lungu, har muka kai arba'in. Ni na kafa doka: wanda ya koma birni ya fita, wanda ya nemi wani a bayan fage a cire shi.

Ashe wa kaina na gina ramin.

Malamin Lissafi ban taɓa ganinsa ba. Amma duk ranar da na kawo kuka shi ke fara amsawa, ya yi ta zolayata sai na yi dariya. Ina sonsa. Malamar Kimiyya, da muke riƙe zauren tare, ita ma tana sonsa, shi ya sa take gaggawa.

Yaya ya kira.

"Jibi zan zo in ɗauke ki."

"Yaya, da ka ɗan ƙara min..."

"Saboda mutumin da ko inuwarsa ba ki sani ba? Umma kullum sai ta yi kukanki."

In zauna, Umma. In tafi, shi. Ga lambarsa a gabana, amma da wane ido mai doka za ta fara karyawa?

Na rubuta bankwana ina hawaye. Kowa ya yi min addu'a ban da Malamin Lissafi. Har na kai yatsa zan fita sai ga saƙonsa a zaure:

"Jama'a ku shaida, yanzu zan kira ta."

Nan take Malamar Kimiyya ta cire shi.

Wayata ta yi ƙara.

"Malama... ni ne."

"Me ka yi haka? Kai kaɗai ne fa a makarantarka! Da wa za ka riƙa hira?"

"Na san abin da na rasa, sanyin idona. Zauren mutum arba'in na bari, ɗaya nake nema. Ba ni lambar Yaya."

Na karanto masa, sai da na maimaita sau uku.